Wankin da ke shafe tarihi: daga duwatsun Idles zuwa Kwatarkwashi

A shekarar 1935 wata tawagar Faransawa masu hawan dutse, a ƙarƙashin Kyaftin Raymond Coche, ta shiga tsaunukan Tefedest da ke arewacin Ahaggar, yankin da a yau yake cikin ƙasar Idles ta jihar Tamanrasset a Aljeriya. Dutsen Garet el Djenoun suka je hawa, wanda Abzinawan wurin ke ɗauka mazaunin aljanu ne, kuma sun hau shi. Amma abin da ya fi daɗewa ana ambatonsu a kansa shi ne zanen shanu da mutane da suka tarar a kogwannin Mertutek, wanda ɗaya daga cikinsu, François de Chasseloup-Laubat, ya fitar da littafi a kansa a 1938. Bayan haka, a 1956, Henri Lhote ya kai masu zane Tassili n'Ajjer, gabas da Idles, suka yi wata 16 suna kwafar abin da mutanen farko suka bari a jikin duwatsu. Domin launi ya fito sosai, sukan jiƙa soso su goge bangon dutsen. Launin kuwa yakan fito, ya yi kyau na ɗan lokaci. Sai dai ruwan yana tafiya da dattin da ya rufe fentin yana kare shi, yana kuma motsa gishirin da ke cikin dutsen. 'Yan rakiyar masu yawon buɗe ido suka ɗauki wannan ɗabi'a, kowane baƙo ya zo a watsa masa ruwa ya ɗauki hoto, har zanen da ya jure shekaru dubbai ya soma dusashewa cikin shekaru kaɗan. Lhote ya ƙaunaci zane-zanen nan, kuma shi ya sa duniya ta san su. Wannan ne ma abin da ya sa labarin ya cancanci a yi tunani a kansa, domin mafi yawan ɓarnar da aka yi wa kayan mutanen farko a wannan yanki namu, daga Sahara har zuwa ƙasar Hausa, masu son kayan ne suka yi ta, da niyyar tsabtacewa da gyarawa da adanawa. Ra'ayina shi ne, tsohon gunki da aka ciro daga ƙasa aka wanke, aka liƙe, aka sa a gilashi ba tare da an rubuta inda ya fito ba, an riga an yi asarar mafi girman amfaninsa, ko da zai ƙara shekara dubu bai tsage ba.

Masu tara 'yan mutum-mutumin roba na zamani sun fahimci wani ɓangare na wannan magana. Kamfanin Funko na Amurka, wanda aka kafa a 1998, ya fara fitar da irin waɗanda ake kira Pop a 2010, kuma a yau miliyoyin mutane ke tara su. Suna kakkaɓe musu ƙura da buroshi mai laushi, suna nisanta su da rana domin tana sa roba ta koɗe, suna guje wa zafi domin man da ke sa robar laushi yakan tsattsafo ta yi danƙo. Amma abin da suka fi tsarewa shi ne kwalin da abin ya zo a ciki, saboda a jikinsa sunan yake, da lambar, da tambarin kamfani, kuma da zarar kwalin ya yage farashi ya faɗi. Tsohon gunkin yumɓu shi ma yana da nasa kwalin, wato ƙasar da ya kwanta a ciki, da gawayin da ke gefensa, da tsingaron tukunyar da aka binne tare da shi, da zurfin ramin. A nan ake karanta shekarunsa da aikin da ya yi wa masu shi. Kasuwar kayan tarihi kuwa wannan ne abin da take fara zubarwa.

Tun farkon ganin gumakan Nok, ruwa ne ya raba su da bayaninsu, ko da yake ba da gangan ba. A 1928, a ramin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba a kudancin Kaduna, aka tsinci wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aikin kuza aiki ne na tona da wankewa, saboda haka duk abin da ya fito daga waɗannan ramuka, ya fito ne daga laka da tsakuwar da ruwa ya daɗe da kwasowa daga wani wuri ya cakuɗa. A 1943 wani malamin kamfanin kuza ya sami kan da a yau ake kira kan Jema'a, ya kafa shi a gonar doyarsa don korar dabbobi, ya shekara a can kafin a kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanta ilimin binciken kufai. Fagg ya lura da kamar da ke tsakanin wannan kai da na Nok, ya bi ramukan kuza yana roƙon leburori su riƙa ajiye duk abin da suka gani, har kayan suka taru aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Ya yi aiki na gaskiya, amma shi kansa ya san cewa kan da aka tsinta a cikin kuza ba ya faɗin gidan da ya fito. Sai a shekarun 1960, da ya tona Taruga kusa da Abuja ta yau, ya sami gumaka a inda masu su suka bar su, tare da murhun narkar da tama. Wuri guda da aka tona a tsanake ya nuna abin da tarin kawunan ramin kuza ba su nuna ba, wato cewa mutanen nan suna cikin maƙeran farko a Afirka ta Yamma, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Doka ba ta yi jinkiri ba. An kafa dokar kayan tarihi a 1953, Najeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a shekarar 1972, sannan dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta kuma hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba tare da izini ba. Duk da haka, a farkon shekarun 1990 tonon ya ɓarke kamar ba doka. Kasuwar kuza ta riga ta faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ga kuma attajiran Turai da Amurka da suka soma ɗokin gumakan Afirka. Patrick Darling, wani Bature mai binciken ganuwoyi da ya daɗe yana aiki a Najeriya, ya rubuta a shekarar 2000 cewa zuwa tsakiyar shekarun 1990 akwai manyan dillalai biyu da kowannensu ke iya ɗaukar masu tono kimanin dubu. Kayan sukan bi ta Kwatano da Lome su isa Brussels da Faris, har kasuwar ta cika farashi ya sauka. Rubutun nasa bai tsaya kan Nok ba, ya haɗa da Kwatarkwashi, garin nan na gindin dutse da ke Zamfara, kuma a nan maganar ta shigo tsakar gidan Bahaushe. A kundin 'yan gwanjo na Turai akwai gumakan da ake kira na Sakkwato, masu kaurin gira da ta sauko ta rufe ido, wasu da gemu, da waɗanda ake kira na Katsina, da yawansu mutum ne zaune a kan wata tukunya mai kumburi. Waɗannan sunaye dillalai ne suka raɗa. Kusan duk abin da aka sani game da su daga hannun masu tonon sata ya fito, babu taswira, babu awon rami, babu ko ɗan gawayi da aka ajiye. Ƙasar da ta haifi Gobir da Zamfara da Katsina tana da masu sassaƙa da masu gini da yumɓu tun wajen shekara dubu biyu da suka wuce, ga aikinsu a ɗakunan baƙi a Turai an goge shi tas, amma ba wanda zai iya nuna garin da suka zauna, ko abin da suka noma, ko dangantakarsu da mutanen da ke noma a wurin yanzu. Wannan babi ne na tarihin ƙasar Hausa da aka yage kafin kowa ya karanta shi.

Ya kamata a dubi abin da ake yi wa gunki tsakanin rami da shagon dillali, domin a nan ne kalmar adanawa ke ruɗar mutane. Mai saye yana son abu cikakke, mai kai da hannu da ƙafa, wanda zai tsaya a kan teburi. Ƙasa kuwa ba kasafai take ba da irin wannan ba. Masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, sun fara aiki a yankin Nok a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi da jami'o'in Jos da Zariya, suka kafa sansani a Janjala. A tsawon shekarun da suka yi suna tono, kusan duk gumakan da suka samu a farfashe suke, an tara gutsattsarin a ramuka, kuma sau da yawa ba a samun dukkan sassan gunki guda a wuri guda. Alamu sun nuna masu su ne suka fasa su da gangan suka binne, a wasu wuraren kusa da abin da ake kyautata zaton kaburbura ne. Ke nan fasawar tana cikin ma'anar gunkin. To ina dillalai ke samun cikakku masu yawa haka? Ana wanke gutsattsari a kankare su, a ɗauko kan wannan a ɗora a gangar jikin wancan, a niƙa tsohon tsingaro a kwaɓa da gam a cike gurbi, sannan a shafa ƙasa a sama don ya yi kama da wanda bai taɓa barin rami ba. Hoton na'urar asibiti mai leƙa cikin jiki ya sha tona irin wannan haɗi. Akwai awon da ake yi don gane lokacin da aka gasa yumɓu, amma ɗan garin da aka huda aka ɗiba kaɗai yake aunawa, saboda haka gutsure na gaskiya guda ɗaya zai iya saya wa gunkin jabu takardar shaida. Awon ma ba ya daidaita sosai sai an san irin ƙasar da abin ya kwanta a ciki. Shekara da shekaru masana fasaha suna rubutu kan tsayuwa da zaman gumakan da wataƙila a bayan wani shago aka ƙirƙiro su.

Abin da ƙasar ke bayarwa idan an bar ta, ya wuce yadda ake zato. Daga ƙonannun ƙwayoyin hatsi da aka tace daga ƙasar ramuka, masu binciken Frankfurt suka gane cewa mutanen Nok gero da wake suke nomawa, suna kuma cin atili. Da waɗannan ƙwayoyi aka auna shekaru, aka gano cewa zamansu ya faro tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, gumakan kuma suka bayyana wajen 900, wato da daɗewa fiye da yadda aka ɗauka a zamanin Fagg. A Pangwari an sami gutsuren da ke nuna mutum biyu suna tuƙa kwalekwale. A 2021 Julie Dunne ta Jami'ar Bristol da abokan aikinta suka auna tsingaro sama da 450, suka sami kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo, shaidar cin zuma ta kimanin shekara 3,500. Tsingaro ne fa, irin wanda mai tonon sata ke turewa da ƙafa domin ba mai sayensa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta Katsina. Da aka tona wasu daga kaburburan sarakunan wurin a 1992, ba a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya an wanke ba. An yanko su ne dunƙule da ƙasarsu aka ajiye a Katsina, sai a 2007 aka kai su ɗakin gwaji a Mainz ta Jamus aka buɗe a hankali. A ciki aka sami kwanon tagulla irin na ƙasashen Musulmi na gabas, da wuri, da kayan ado na zinariya da hauren giwa, har da ragowar tufafi, wasunsu na wajen ƙarni na 14. Da mai gaggawa ne ya fara isa wurin, da zinariyar ta tafi maƙera, ƙyallen kuma ya bi ruwan wanki, da kuma ba mu da wannan hujja ta cewa sarakunan Katsina na wancan zamani suna cikin cinikin da ya ratsa Sahara.

Masu tara kayan suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce a hannunsu gunki yana cikin ɗaki mai sanyi, ba gara, ba yoyo, ba ɓarawo, alhali gidajen tarihinmu ba su iya tsare abin da ke hannunsu ba. Gaskiya ne an yi sata a gidan tarihi na Jos a 1987, an kuma yi a wasu gidajen a shekarun 1990, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya damu da kayan nan dole ya yarda cewa rashin kuɗi da sakaci sun cuce su a gida. Amma wannan hujja tana magana ne kan gunkin da ya riga ya fito, ta yi shiru kan ramin da kuɗin mai saye zai sa a tona gobe. Kowane gunki mai kyau da ya isa Turai, an birkice fili guda kafin a same shi, an farfasa wasu da dama da ba su yi kyan sayarwa ba. Faransa da kanta ta nuna yadda abin ke tafiya. A watan Afrilu na 2000, lokacin da Shugaba Jacques Chirac ya buɗe sashen fasahar Afirka da sauran nahiyoyi a gidan tarihi na Louvre, akwai gumakan Nok biyu a ciki, waɗanda aka saya daga wani dillali a Beljiyam tare da na Sakkwato guda, a daidai lokacin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa irinsu a jerin kayan da ta ce kada kowa ya saya. Bayan surutu, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. An daidaita maganar mallaka, amma babu yarjejeniyar da za ta dawo da sanin ramin da suka fito.

Wata hujjar ta fi wannan nauyi, domin a kan masu binciken kansu take. A Nijar, an gano maƙabartar Bura a yankin Tera a 1975, Boubé Gado na cibiyar bincike ta Yamai ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983, aka sami ɗaruruwan tuluna da gumaka, har da gunkin wani mahayin doki da ya yi suna. Da aka nuna kayan a baje kolin kwarin Neja da ya fara a Faris a 1993, sai dillalai suka san da su, tonon sata ya mamaye yankin. Haka kuma wasu malaman jami'a a Najeriya sun yi ƙorafi da aka kwashi kayan Nok zuwa Frankfurt don gyara da nunawa a 2013, kafin 'yan ƙasa su gan su. Ƙorafin yana da tushe, kuma abin kunya ne a ce sai da aka tsallaka teku kafin a buɗe dunƙulen ƙasar Katsina. Sai dai bambancin a bayyane yake. Masu bincike ma suna wankewa, suna liƙewa, amma bayan sun auna, sun zana, sun ɗauki hoto, sun ɗebi ƙasa sun ajiye, kuma da gam ɗin da za a iya narkarwa a warware aikin idan an gano kuskure. Kayan Frankfurt sun dawo Kaduna da lambobinsu da bayanansu. Darasin Bura shi ne kada a yi shela kafin a sa tsaro, domin ɓoye ilimi ba zai hana mai haƙa rijiya cin karo da tulu ba.

Ba na ganin adalci ne a ɗora laifin a kan manomin da ya karɓi 'yan kuɗi ya tona gonarsa da rani. Abin da ake ba shi bai kai ko kusa da abin da gunkin ke yi a gwanjo ba, shi ke shiga rami, shi kuma ake kamawa. Amma tausayinsa bai mayar da cinikin halal ba, domin gona takan ba da hatsi kowace damina, kufai kuwa sau ɗaya ake tona shi. Inda aka ɗauki mutanen gari aiki a tonon bincike, kamar yadda aka yi a Janjala, sun sami albashi na shekaru, kuma su ne suka fi kowa sanin inda kufai yake. Rashin tsaro ya katse wannan ma, tun da aka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Fabrairun 2017, aka kashe mutum biyu na yankin da suka bi sawu don ceto su.

Saura tambayar da na san tana zuciyar mai karatu da yawa: me ya haɗa Musulmi da gumaka har zai damu da yadda ake wanke su? Ba wanda ya ce a girmama su ko a ajiye su a ɗaki. Ana maganar shaida ce, kuma malamanmu na da ba su ji tsoron shaida ba. Marubutan tarihin sarakunan Kano Musulmi ne, amma sun rubuta labarin Barbushe da Tsumburbura da Dala dalla-dalla, ba su goge shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattara labarin ƙasashen da suka gabaci jihadi a cikin Infaƙul Maisuri. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ba da haɗin kai aka fara tona Durɓi ta Kusheyi a 1907. Alƙur'ani da kansa ya sha jan hankalin mutane zuwa ga kufan al'ummomin farko domin su yi tunani. Ƙyamar gumaka a aikace ta fi yi wa dillali amfani, domin mutumin da ke ganin abin ƙazanta ne zai rabu da shi da araha, ba kuma zai kai rahoto ba. Wanda garmarsa ta ci karo da kan yumɓu a Bunguɗu ko Mani ko Tasawa, abin da ya fi shi ne ya bar shi yadda yake, kada ya zuba masa ruwa ko ya kankare shi, ya mayar da ƙasa ya rufe, ya shaida wurin, ya gaya wa mai gari domin a sanar da gidan tarihi mafi kusa, ko na Katsina, ko Gidan Makama a Kano, ko na Kaduna, ko na Yamai. Har yanzu akwai sauran wuraren da ba a birkice ba a kewayen duwatsun Zamfara da Katsina, kuma wuri guda da aka tona bisa ƙa'ida zai iya yi wa gumakan Sakkwato abin da Taruga ta yi wa na Nok.